Yarinya tana CM2, wace sakandare zan rubuta mata? A ba ni shawara

Baban Hadiza, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. 'Yata tana CM2 bana, wato ajin ƙarshe na firamare a tsarin Faransanci na nan Kamaru, kuma direktan makarantarsu ya aiko cewa in faɗi makarantar da za a rubuta mata a takardun kwankur, jarrabawar gasa ta shiga siziyam, ajin farko na sakandare. Ni karatun allo na yi, ban bi ta lise, wato babbar sakandare, ba, shi ya sa kaina ya ɗaure. Akwai CES, ƙaramar sakandaren gwamnati, kusa da mu wadda za ta iya zuwa da ƙafa. Akwai babbar lise ta gwamnati amma sai an hau moto, wato babur na haya. Akwai wani kolej na kuɗi da ya kafa ƙyalle a ƙofa wai ɗari bisa ɗari suka ci a BEPC, jarrabawar ƙarshen shekara huɗun farko na sakandare, sannan mahaifiyarta ta fi son franko-arab, makarantar da ke haɗa Faransanci da Larabci. Ƙanena kuma ya ce in kai ta sashen Ingilishi a lise bileng, mai harshe biyu, saboda muna da dangi a Yola. Ban da ita, akwai ɗan yayata da zai zo daga ƙauye ya zauna wurina, shi ma bana zai gama firamare, amma karatunsa bai kai nata ba. Masu sani, me ya kamata in tambaya, me zan duba da idona, kuma nawa zan tanada? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Sansar, Marwa

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya raya su. Kafin a zo kan wace makaranta, sai ka ga tsawon hanyar tukuna, domin abin da za ka rubuta bana shekara bakwai zai ja.

A tsarin Faransanci, zangon farko shekara huɗu ne: siziyam, sankiyam, katriyam, turwaziyam, a rufe da BEPC. Zango na biyu shekara uku: sagwand, piramiyar, tarminal. A ƙarshen piramiyar ake yin jarrabawar purobatuwar, kuma wanda bai ci ta ba ba ya rubuta bakaloriya (bak), jarrabawar gama sakandare. Nan ne yara da yawa suke maƙalewa, wasu su maimaita sau biyu, wasu su haura Njamena su zauna bak ɗin Cadi tunda can babu purobatuwar, su dawo kuma su shiga neman takardar daidaita shaida kafin jami'a ta karɓe su. Saboda haka in makaranta tana yi maka kirari da BEPC, ka ce su nuna maka na purobatuwar. Ita ce ke tona asirin makaranta.

Bambancin CES da lise shi ne, CES a turwaziyam take tsayawa. In yarinya ta gama sai ka sake neman mata wuri a lise don sagwand. Wannan ba aibi ba ne. Ƙaramar CES mai tsari, inda direkta ya san kowane yaro da sunansa, sau da yawa ta fi wa ɗan shekara goma sha ɗaya alheri a kan babbar lise mai siziyam shida ko bakwai inda yaro zai ɓace kwana uku ba a lura ba. Amma ka sani tun yanzu cewa akwai wani neman wurin a gaba.

Batun sashen Ingilishi, a yi hattara. Shi ma shekara bakwai ne, amma rabonsa daban: Form 1 zuwa Form 5 a yi jarrabawar GCE ta farko, sai shekara biyu a yi ta gaba, kuma hukumar da ke Buya ce ke shirya su. Ƙofarsa ta asali ita ce Common Entrance, wadda 'yan firamaren Ingilishi ke yi. Yarinyar da ta yi shekara shida tana lissafi da tarihi da Faransanci, in ka jefa ta Form 1 kai tsaye, shekarar farko za ta tafi ne a koyon harshe, kuma a gida ba mai taimaka mata. In ana son Ingilishi ya zauna mata ba tare da an tumɓuke ta ba, tambayi lise bileng ɗin ko suna da aji na musamman na harshe biyu a sashen Faransanci, wanda ke kaiwa ga BEPC bileng da kuma reshen ABI, na adabi cikin harshe biyu, a zango na biyu. In kuwa sashen Ingilishin aka nace, to ka tambaya ko suna da azuzuwan bayan Form 5 na kimiyya, da malamansu, don kada ta gama Form 5 a ce sai an tura ta kudu.

Yanzu kolejin kuɗi, ko na mishan ne, ko na Musulunci, ko na wani mai hali. Tambaya ta farko ba ta kuɗi ba ce, ta takarda ce. Makarantar kuɗi tana buƙatar izini biyu daga ma'aikatar ilimin sakandare: na kafawa, da na buɗewa. Ka ce a nuna maka lambobinsu, galibi suna kan allon ƙofa ko a saman takardunsu. Kada ka tsaya nan. Duba ko iznin ya haɗa da zango na biyu, domin akwai masu iznin siziyam zuwa turwaziyam kawai amma sun buɗe sagwand da piramiyar da gaban kansu. Kusan kowace shekara kafin komawa makaranta ma'aikatar tana fitar da jerin makarantun da ba su da izini tana ba da umarnin rufe su. Ɗauki sunan makarantar ka je delegasiyon, wato ofishin ilimin sakandare na yankin Binuwai, nan cikin Garwa, ka tambaya. Tafiyar awa ɗaya ce, ba a biyan ko dala. Illar makaranta marar izini ba ta fitowa sai a shekara ta huɗu, ranar da za a rubuta yara jarrabawa a ga ba ta da ikon gabatar da su da sunanta.

Game da ɗari bisa ɗarin nan da ka gani a ƙyalle: tambayi mutum nawa suka zauna. Goma sha biyu cikin goma sha biyu ma ɗari bisa ɗari ne. Sannan ka tambayi yara nawa ne a siziyam ɗinsu, nawa ne a turwaziyam. In siziyam uku ce cike, turwaziyam ɗaya ce mai yara talatin, to sauran ina suka tafi? Wasu makarantun a ƙarshen katriyam suke sallamar duk wanda suke shakka, wasu kuma su sa raunanan su yi rajista a matsayin masu zaman kansu don kada faɗuwarsu ta shiga lissafin makaranta. Ofishin bakaloriya yana fitar da jerin makarantu bisa sakamakonsu kowace shekara. Nemi na shekara uku a jere ka duba, kada ka dogara da shekara ɗaya.

Malamar Lissafi, Ngawundare

Alhaji, abin da Malam ya faɗa haka yake. Ni zan ƙara kan abin da za ka duba in ka shiga ciki, tunda gani ya kori ji.

Kada ka je a watan Agusta lokacin da aka yi sabon fenti babu yara. Je yanzu da ake karatu, kuma sau biyu. Na farko da ƙarfe bakwai da rabi na safe: tsaya nesa kaɗan da ƙofa ka ga yara nawa ne a waje bayan an rufe, kuma malamai nawa ne suke isowa bayan yaran. Na biyu wajen ƙarfe ɗaya na rana, wanda shi ne ya fi faɗin gaskiya. Zagaya ka ƙirga azuzuwan da ke da malami a gaban allo da waɗanda yara ke ta surutu su kaɗai. In cikin aji goma huɗu ba kowa, ka ga amsarka.

Leƙa siziyam ka ƙirga benci, ka ga mutum nawa ne a kowane benci. Bencin mutum biyu in ya ɗauki huɗu, na gefe rabin jikinsa a waje, yana rubutu a kan cinya. Dalilin da yawan yara ke da muhimmanci a fili yake: malamin lissafi mai aji biyar, kowane aji yara ɗari, takarda ɗari biyar ke jiransa a kowace jarrabawa. Ba zai ba da aikin gida ya duba ba, ba don lalaci ba, lokacin ne babu. Lissafi kuwa ba a iya shi da kallo.

Sai malamai. Tambayi sansar, shi ne mai kula da harkar karatu, ba furobiza, shugaban lise, ba: malaman lissafi nawa, na fizik da shimi, wato kemistiri, nawa, na Faransanci da Ingilishi nawa, kuma nawa ne a cikinsu na gwamnati da suka fito daga makarantar horon malamai irin ta Marwa ko Yawunde, nawa ne bakatar. Bakatar su ne 'yan wucin gadi da ake biya da kuɗin iyaye. A cikinsu akwai haziƙai ƙwarai, matsalar ita ce ba sa zama. Albashin kaɗan ne, yakan yi jinkiri, da sun sami wani abu sai su tafi a tsakiyar shekara, aji ya yi wata biyu ba malami. A makarantun kuɗi kuma abin tambaya shi ne malamai nawa ne nasu na dindindin, domin da yawa malaman lise ne ke zuwa musu a sa'o'in da suka rage, kuma in aiki ya haɗu, lise za su fara zuwa.

Akwai abu ɗaya da iyaye ba su san suna iya neman gani ba. Kowane aji yana da babban kundi da malami ke rubuta darasin da ya yi da kwanan wata ya sa hannu, kaye da teks. Roƙi sansar cikin ladabi ya nuna maka na siziyam ɗaya. Ko ba ka karanta Faransanci, kwanan wata kowa na gane shi. Buɗe shafin lissafi. In ka ga 14 ga Oktoba, na gaba sai 20 ga Nuwamba, to wata guda aka yi ba darasi. In makaranta ta ƙi nunawa sam, wannan ma amsa ce. In ba a samu ba, ari kaye, wato littafin rubutu, na lissafi na wani yaron unguwa da ke siziyam a can, ka duba abu biyu: kwanan wata, da jan biro na malami.

Ka kuma san yadda ake lissafin maki don kada bilten, takardar sakamako, ya ruɗe ka. Komai a kan 20 ne, kuma 10 ake nema a wuce. Amma kowane fanni da nauyinsa, wato kowefisiyan. A ce lissafi nauyinsa 4, motsa jiki 2: wanda ya sami 6 a lissafi ya tara 24 cikin 80, kuma 16 ɗin motsa jiki ba za ta cike ramin ba sai da taimakon wasu fannonin. Yaro yana iya lallaɓawa da 10 daidai har turwaziyam alhali lissafinsa 6 ne tun siziyam, sai a sagwand a ga ƙofar C da D, rassan kimiyya, ta rufe, likitanci da injiniya sun wuce shi tun bai san sunansu ba. Don haka tambayi makaranta da maki nawa take wucewa da yaro. Mai wucewa da 8 don kada iyaye su janye 'ya'yansu, ba taimakonka take ba.

Abin da ya fi kayar da yaranmu a siziyam shi ne Faransanci, ba rashin ƙwaƙwalwa ba. A gida Hausa, a kasuwa Fulatanci, a firamare malami ɗaya da ya san inda kowa ke tuntuɓe. Sai ga shi yau malamai kusan goma, kowa ya shigo ya yi shifta ya fita. Tun yanzu a sa wani ya ba Hadiza shafi ɗaya na littafin CM2 ta karanta da ƙarfi, sannan a rufe littafin ta faɗi abin da ta gane da Hausa. In tana karantawa sumul amma ba ta iya faɗa, furuci ta iya, ba fahimta ba, kuma hutun ƙarshen shekara a kan wannan ya kamata ya tafi.

Ma'ajin Iyaye, Gidar

Ni kuɗi kawai zan taɓa, Alhaji, tunda harkarka ce za ka gane da sauri.

A makarantar gwamnati kuɗin da doka ta sa sefa 7,500 ne a zangon farko, 10,000 a na biyu. A ta fasaha 10,000 da 15,000. Ta waya ko wuraren da ma'aikata ta amince ake biya, ba a hannun mutum ba, kuma ka ajiye rasit kamar takardar fili. Kuɗin APEE, ƙungiyar iyaye da malamai, daban ne, kowace makaranta da nata, kuma sau da yawa ya fi na gwamnatin. Da shi ake biyan bakatar, a gyara benci, a sayi alli. Tambayi nawa aka biya bara, kuma ko an karanta wa iyaye lissafin abin da aka kashe a babban taro. Sannan tufafin makaranta saiti biyu, kayan motsa jiki, littattafai na jerin da gwamnati ta fitar, kaye, da abin da ake karɓa na kwamfuta. A ajin jarrabawa akwai kuɗin rajista da tambur, wato kan sarki, da hotuna.

Abin da ke cinye mutane shi ne hanya. A ce moto 200 zuwa, 200 dawowa. 400 ke nan a rana, 2,000 a mako. Shekarar karatu a doka ba ta gaza mako 36, ka ga 72,000. Ƙara 200 na abin taɓawa da rana, wani 36,000. Lise ta gwamnati mai nisa ta ci 108,000 kafin a sayi biro. Yi wannan lissafin da farashin unguwarku, ka ninka biyu tunda yara biyu ne.

In kolej na kuɗi ne, ka ce a rubuta maka duka a takarda: rajista, kashi na ɗaya, na biyu, na uku, da ranakunsu. Ka tambayi farashin kowane aji har tarminal, domin yana hawa. Ka kuma tambayi abin da suke yi in an makara. Wasu korar yaro suke yi a makon jarrabawa, sifili ya shiga bilten. Kada ka fara abin da sai kasuwa ta yi kyau za ka iya. Yaron da aka cire daga kolej a katriyam don kuɗi ya gaza, aka shiga neman masa wuri a lise a watan Oktoba, ya fi wanda ya fara a lisen tun farko wahala.

Kuma in yaro bai ci kwankur ba, akwai hanyar shigar da takardu a duba kafin a koma makaranta. Wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce kawo kaza in samo maka wuri, ba rasit, guje shi. Sunan yaro yana iya zama a bencin aji amma babu shi a rajistar makaranta.

Baban Hadiza, Garwa

Allah ya biya ku, na ƙaru ƙwarai. Saura biyu: batun franko-arab da mahaifiyarta ke so, da kuma yaron. Yayata ta ce ko a kai shi wurin koyon sana'a ne kawai. Kuma yanzu na duba, a takardar haihuwar Hadiza an rubuta sunanta da wani harafi daban da na bilten ɗinta. Akwai matsala?

Mai Koyar da Lantarki, Garwa

Alhaji, kan yaron. Tsakanin lise da zaman gareji akwai hanya ta uku, makarantar fasaha. CETIC, ƙaramar sakandaren fasaha, shekara huɗu ce, a fita da CAP, takardar shaidar iya sana'a, a gini, ko kafinta, ko lantarki, ko gyaran mota, ko ɗinki, ko harkar ofis da lissafin kuɗi. Wanda ya yi ƙoƙari yana wucewa lise teknik ya yi shekara uku, misali F3 na lantarki ko F4 na gine-gine, kuma daga nan ƙofar manyan makarantu a buɗe take. Ita ma da kwankur ɗinta ake shiga.

Amma a cire wa rai cewa fasaha wurin raunana ce. Lantarki lissafi ne da zanen fasaha. Yaron da bai iya rabawa da ninkawa ba zai sha wuya a can kamar yadda zai sha a lise. In raunin nasa na karatu da rubutu ne, gara ya maimaita CM2 a nan birni wurinka ya ƙarfafa, da ya shiga shekarar farko ya yi ta faɗuwa har ya tsani makaranta. In kuma shekarunsa sun yi nisa, akwai SAR/SM, shekara biyu ta koyon aikin hannu.

In za ka duba makarantar fasaha, aji ba shi ne abin kallo ba, ɗakin aiki ne. Ka ce a buɗe maka. Taɓa injin ka ga ko ƙura ce a kai. Duba ƙasa: ɗakin kafinta da ake aiki a cikinsa ba ya rasa garin katako, na lantarki ba ya rasa guntayen waya, na gini za ka ga bulo da aka ɗora aka rushe. Tambayi sa'a nawa ake aikin hannu a mako, yara nawa ke kan inji ɗaya, wa ke sayen kayan aiki irin su katako, siminti, waya da yadi, kuma me suke yi in an ɗauke wuta. Inda ba kayan aiki, a allo ake zana zarto, yaro ya kai ranar CAP bai taɓa riƙe shi ba, alhali jarrabawar tana da ɓangaren aikin hannu. Ka tanadi kuɗin rigar aiki, takalmi rufaffe da kayan zane.

Tunda wurinka zai zauna, a yi magana da yayarka tun farko. Yaran ƙauye da ake kawowa riƙo yawanci ba makaranta ke kayar da su ba, aike ne. Shi ne ɗebo ruwa, shi ne jiran shago, shi ne kai niƙa. A yanke masa sa'a biyu kowane dare da ba mai taɓa shi, da fitila tasa, kuma sunanka da lambarka su ne a makaranta don in ya yi fashi kai za a kira.

Goggon Yara, Kusiri

Yaya, ni ban yarda a raina batun nisa a mai da shi lissafin kuɗi kaɗai ba. Ga 'ya mace hanya ita ce rabin zaɓin. Ana tashi wajen ƙarfe uku da rabi, Laraba da rana tsaka. A zafin Garwa na Maris da Afirilu, wanda ke haura digiri 40, ga azumi in ya faɗo a ciki, yarinyar da za ta yi tafiyar minti arba'in ba za ta buɗe littafi da dare ba. In moto ne, a sami mutum ɗaya sananne a yi ciniki na wata, kada kullum ta tsaya bakin titi tana tsayar da wanda ba a sani ba. Ka bi hanyar da ƙafarka sau ɗaya a lokacin tashi, ka ga inda samari ke zama, ka ga ko akwai mayo, wato rafi, da ke cika a Satumba ya raba unguwa da makaranta.

In kun je dubawa, a tafi da mahaifiyarta, ita ta shiga bayin 'yan mata. Yana da ƙofa mai sakata? Akwai ruwa da buta? Yana nesa da na maza? Yarinya za ta fara al'ada a waɗannan shekarun, kuma inda bayi ba ya shiguwa, kwana uku ko huɗu take zama a gida duk wata ba ta gaya wa kowa dalili ba. Tara su a shekara ka ga darasi nawa ya wuce. A duba famfo ko rijiyar burtsatse, a ga ko ruwan na zuwa. A tambayi ko akwai malama ko sirbeyan, mai kula da ladabin yara, mace da yarinya za ta iya kai wa kuka, da abin da makaranta ke yi in aka kawo ƙarar malami. Wanda ya ce irin wannan ba ya faruwa a wurinsu, bai ba ka amsa ba.

Ka karɓi dokokin makaranta a rubuce kafin ka biya. Nan za ka ga batun ɗankwali da hijabi da tsawon siket, domin makarantu sun bambanta, da batun waya, da sa'o'in fashi nawa ke kai yaro gaban kwamitin ladabtarwa. Tambayi inda ake sallar azahar, da yadda suke yi ranar Juma'a.

Franko-arab kuwa, niyyar uwar mai kyau ce, amma suna ba ya wadatarwa. Masu kyau suna bin manhajar gwamnati cikakkiya, su ɗora Larabci da addini a kai, yara su zauna BEPC kamar kowa. Wasu kuma sa'o'in lissafi da kimiyya suke yankewa su ba Larabci. Karɓi jadawalin siziyam nasu, ka ajiye kusa da na lise, ka ƙirga sa'o'in lissafi da Faransanci. Ka kuma sani ko a makarantar gwamnati, a katriyam ake zaɓar harshe na biyu, kuma Larabci yana cikin zaɓin tare da Jamusanci da Sifaniyanci, har a kai shi bakaloriya a reshen A4 na adabi da harsuna, in dai makarantar tana da malaminsa. To tambaya. Lise mai malamin Larabci, da islamiyya da yamma ko Asabar da Lahadi, tana iya biyan buƙatar ku duka biyu.

Tsohon Sansar, Marwa

Alhaji, batun harafin nan matsala ce, kuma gara da ka gani yanzu. Takardar haihuwa ita ce uwa, duk sauran takardu ita suke bi. Yadda aka rubuta suna a fom ɗin CEP, jarrabawar gama firamare, da kwankur, haka zai bi ta zuwa BEPC da bakaloriya, kuma ranar da za ta shiga gasar aikin gwamnati ko ta nemi fasfo za a ce mutum biyu ne. Gobe ka ɗauki asalin takardar ka kai wa direktan firamare, ku zauna tare a duba harafi bayan harafi: sunanta, jerin sunayen, ranar haihuwa, wurin haihuwa, sunanka da na mahaifiyarta. In bilten ne ya yi kuskure, direkta zai gyara kafin a tura takardu, abu ne mai sauƙi. In a takardar haihuwar kuskuren yake, kada kowa ya goge ko ya ɗora biro a kai, ta lalace ke nan. Gyaranta ta hukuma ake bi, ka fara da ofishin magajin garin da ya ba da ita su nuna maka hanya.

Yaron kuma ka tambayi yayarka yau ko yana da takardar haihuwa ma. Yaran ƙauye da yawa sai a CM2 ake gano ba su da ita. In babu, sai an bi ta kotu a sami hukuncin da ke maye gurbinta, wanda ke buƙatar takardar likita ta kimanta shekaru, da shaida daga ofishin magajin gari cewa ba a taɓa yi masa ba, da shaidu. Yana ɗaukar watanni, kwankur kuma a watan Mayu ake yi, takardu tun kafin nan da nisa ake rufe karɓarsu. Ka yi hotunan takardar da aka buga wa hatimi guda uku ko huɗu ga kowane yaro, da ƙananan hotuna, asalin kuma ya zauna a gida cikin leda, kada ya kwana a makaranta.